Sunan da Awabu Ba Ta Kira Ba

"Haba Baba, miya fa za ta huce," in ji Awabu, tana ajiye kwano a gefen gadon tsohon Baturen maƙwabcinta.

Tsohon ko kallon abincin bai yi ba. Littafin nan nasa mai jan bango yake ta shafawa. Shekara tara suna maƙwabtaka a unguwar Abbey Wood ta Landan, ƙofar flat ɗinsa na kallon tasu, kuma tun da ciwon huhu ya kwantar da shi ita ke kai masa abincin rana. Ba mata, ba ɗa, sai littafi.

Ta san abin da ke cikin littafin, don ya sha nuna mata. Sunayen duk waɗanda ya gano suna amsa sunan gidansu ne, Drumgarvie. Ya ce daga wani ɗan tudu a arewacin Scotland sunan ya fito, inda kakanninsa suka yi kiwon tumaki. Wasu suka watse Kanada, mata suka yi aure suka koma amsa na mazajensu. Duk wanda ya mutu sai ya ja masa layi.

"Ɗan baffana na Kanada ya rasu, saura ni kaɗai," ya ce da Turanci, murya can ƙasa. "Awabu, shekara tara ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Faɗa mini sau ɗaya."

Wai! Kunya ta lulluɓe ta. Ita da ko sunan mijinta ba ta kira, ta ina za ta dubi sa'an kakanta ta ambaci sunansa gatsau? A gidansu a Gusau ai sai a mare ka. Ta ja mayafi ta rufe baki tana 'yar dariya.

"Kai Baba, ci abincinka."

Ya yi murmushi ya rufe littafin. "Ba komai. Na san yana da wuyar faɗa."

Wallahi ba wuya ba ce, girmamawa ce. Ta bari a kan gobe za ta yi masa bayani. Washegari da hantsi ta fito da kwano a hannu, ta tarar da ma'aikatan ambulance suna saukowa da shi, an rufe masa fuska.

Council, ƙaramar hukumar unguwar, ce ta binne shi. Mutum biyu suka raka gawar, Awabu da 'yarta Hidaya, sai ma'aikaciyar da ta miƙa musu littafin ta ce ba wanda ya zo nema. A bas Awabu ta yi ta kuka, ba ta damu da masu kallo ba.

"Mum, why didn't you just say it?" in ji Hidaya.

"Ke dai bari. Na ɗauka ladabi nake yi masa."

A gida ta buɗe littafin a kan teburin kicin. Shafi huɗu, kowane suna da layinsa, sai na ƙarshe, nasa, da ya rage. Hidaya ta miƙo mata biro don ta ja masa layi. Awabu ta girgiza kai, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin rubutun.

"Drumgarvie," ta ce, a hankali, daidai yadda yake faɗa. Ta sake cewa, "Baba Drumgarvie."

Ta bar littafin a buɗe, kusa da kwanonsa da ta wanke ta kife.