Daƙiƙa Bakwai a Mahaɗar Asibiti

Shekara huɗu ke nan Baban Danja yana sane da cewa lokacin tsallaka titi da aka ba masu tafiya a ƙafa a mahaɗar asibiti ya yi kaɗan, bai kuwa gyara ba. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa wannan suna, domin shi ke yanka wa kowace danja ta garin lokacinta, daga wani ɗaki mai allunan kallo goma sha biyu da na'urar sanyaya ɗaki mai yawan tari.

Yayarsa ce ta fara kawo masa kuka. Gidanta na tsallaken babban titi, asibitin da ake gasa mata gwiwa kuma na wannan ɓangaren. Ta ce kafin ta kai tsakiya koren ya ɗauke, direbobi su yi ta danna mata ham sai ka ce akuya ce ta shigo musu hanya. Ya yi mata bayani irin na masana, ya ce kyamara ta nuna cikin mutum ɗari, casa'in da takwas suna tsallakewa a daƙiƙa goma sha huɗu.

"To, Auta," in ji ta, "sauran biyun ni ce da sandata."

Ya yi dariya, ya ce zai duba. Sai dai ƙarin lokaci na bukatar sa hannun shugaban sashe, wanda ba abin da ke ɓata masa rai kamar dogon layin motoci. Baban Danja ba mai son jayayya ba ne, ya ɗaga maganar zuwa wani makon.

Da shekara ta zagayo, lissafi ya cika ɗari bisa ɗari, har aka yaba masa a taro. Shi kaɗai ya san dalili. Kyamarar ba ta ƙirga kowa sai wanda ya taka farin zanen titi. Wanda ya zo bakin hanya ya auna ƙafarsa ya juya, babu shi a lissafi. Da idonsa ya ga Yaya a allo na bakwai wata safiya, ta dogara sanda, kore ya zo ya wuce sau uku, sannan ta koma gida. Bai kira ta ba. Zuwanta asibiti ya ja baya, gwiwar ta sandare, yanzu ko tsakar gida sai an riƙe ta.

Saura mako biyu ya yi ritaya ya je gaishe ta. Ba ta tayar da maganar ba. Ta tsokane shi da furfura, ta ce autan gida ya riga ta tsufa, sannan ta tambaye shi ko motocinsa na lafiya. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ran Litinin ya cike takardar neman ƙarin lokaci ya kai wa shugaban sashe. Shugaban ya ce layi zai kai har gidan mai, ya tambaya wa ke ƙorafi.

"Babu, ranka ya daɗe. Masu ƙorafin sun daina zuwa."

Shugaban ya dube shi jim kaɗan, ya sa hannu.

Ya koma kujerarsa, ya goge goma sha huɗu ya rubuta ashirin da ɗaya. Koren ya kama. Ma'aikatan jinya biyu suka tsallake da sauri, sauran daƙiƙun suka ƙare ba kowa a kan zanen, motoci na jira.