Jajayen Fitilun Kok Wah

Falo kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki a gidan Ooi Bee Lian da ke Penang, feret ɗinta Tauge kuwa dabba ne da ba ya shiri da zafi. Shi ya sa kejin Tauge yake can, a gindin teburin da ke ɗauke da hoton marigayi mijinta Kok Wah, inda jajayen fitilu biyu ke ci dare da rana, bisa al'adarsu ta girmama mamaci. Kok Wah ne ya sayo wannan dabba mai dogon jiki kamar tunku, ya rasu ya bar mata shi, da warinsa da satar silifas ɗinsa.

Da gashin Tauge ya fara zuba tun daga wutsiya, sai ta kai shi wurin Dakta Selvi, likitar dabbobi.

"Anti, wata 'yar tsoka ce a saman ƙodarsa ta kumbura," in ji likitar. "Ƙwaƙwalwa na ta zuga ta, ita kuma tana ta kwararo sinadarin balaga. Zan cusa masa magani kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, ya tsayar da zugar. Gashi zai dawo, amma kumburin yana nan. Kafin shekara ki dawo da shi a sake. Kuma ya riƙa kwana a duhu, yawan haske na iya tsokano ciwon."

"Duhu? In kashe wa maigidana fitila? Mutumin da ko yana raye sai ya ci karo da kujera!"

Gashi ya dawo luf-luf. Bee Lian, wadda ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, ta ce aikin Kok Wah ne, har ta ƙara masa lemo a farantin da take ajiye masa gaban hotonsa. Asibiti kuwa ta ɗauke ƙafa. Da wutsiyar ta sake yin sanƙo, ta ce zafin gari ne.

Wata safiya ta tarar da Tauge yana nishi, fitsari ya ƙi fita. Dakta Selvi ta daɗe tana taɓa cikinsa.

"Haba Anti, ina kika shiga? Shekara ta wuce, ciwon ya dawo har ya toshe masa hanyar fitsari."

"Ai na ga ya warke ne, 'yata."

Tauge bai kai yamma ba.

Ta dawo da keji wayam, ta tsaya gaban hoton, nadama ta cika mata ƙirji.

"Amana ɗaya ka bar mini mai numfashi," ta ce, "na tsaya gadin fitila."

Ta miƙa hannu za ta kashe fitilun, sai ta fasa. Babu sauran mai buƙatar duhu a gidan.