Tsutsar Bature a Tukunyar Goggo Yelwa

A shekarar 1958, saura mako uku a jarraba koyarwar Malam Babayo a wata elementare cikin garin Bauchi, Baturen makarantu ya miƙa masa gwangwani. A ciki akwai gidajen tsutsa shida, na wani faɗa-wuta mai gashi da ke rayuwa a ƙasar ƙanƙara. Ya ce a ajiye wuri mai sanyi, ranar jarrabawa a yi wa yara darasi a kansu. In Babayo ya ci, ya samu takardar malanta. In ya faɗi, sai baɗi.

Bai tambayi abin da ya haɗa 'ya'yan Bauchi da ƙwaron ƙanƙara ba. A lokacin, abin da littafi ya faɗa shi ne ilimi, saura hira ce. Ya tura gwangwanin gindin randa, yana yayyafa ruwa safe da yamma kamar mai jinya.

Ran Laraba ya dawo ya tarar wayam. Goggonsa Yelwa, mai kaɗa zaren tsamiya tana sayar wa masu aikin riga, tana tsakar gida gaban tukunyar ruwan tokar da take dafa gidajen tsutsa don ta cire zare.

"Goggo, ina abin da ke gindin randa?"

"Na dafa. Kai, ɗan nan, an cuce ka! Gida shida, ko zaren ɗinke aljihu ban samu ba."

"Innalillahi! Na Bature ne fa! A jirgin ruwa aka kawo su!"

"Jirgi guda don wannan? Ka gaya masa tsutsarsu malalaciya ce."

Da ta ga idonsa ya kawo ruwa, sai ta ɗauko masa gidan tsutsar tsamiya, ƙato kamar ƙoƙo, wanda aka ciro mata daga Tirwun. Ta koya masa yadda tsutsotsin ke taruwa su saƙa shi tare, da watan da suke fita da fiffike.

Ranar jarrabawa ya yi darasi a kan gidan tsutsar tsamiya, aji ya kaure, kowane yaro hannu sama. Bature ya jujjuya gidan, ya buɗe littafinsa, ya rufe.

"Malam, mene ne sunansa da Latin?"

Babayo ya ce sunan Hausa kaɗai ya sani.

Bature ya rubuta cewa darasin ba ya cikin manhaja, a sake baɗi. Da zai shiga mota sai ya waiwayo, ya ce ko Malam zai bar masa gidan nan, don bai taɓa ganin irinsa ba, yana so ya aika ƙasarsu a bincika.

Babayo ya haɗiye abin da ya zo bakinsa, ya miƙa masa da hannu biyu.