Mutanen Durowar Auta

Ƙanena Yahuza, wanda duk gidanmu ke kira Auta, mutum ne da furfura a gemu, malamin lissafi a wata sakandare a nan Wudil, ga mata ga 'ya'ya. Amma abin da ya ɗora wa ransa a duniya shi ne tara 'yan mutum-mutumin roba. Ni dai 'yan tsana nake ce musu. Shi kuma sai ya ɓata rai, ya ce ba 'yan tsana ba ne, jarumai ne. To, jarumai.

Ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Wani da sulke, wani da fukafukai, wani fuskarsa duk ƙarfe, kuma gaɓoɓinsu na lanƙwasuwa. Ranar Juma'a in kasuwa ta ci, maza na kara wajen shanu, Auta na tsugune gaban masu gwanjo yana tonon buhun kayan wasa. Wasu ta waya yake sayensu, a aiko masa a motar Kano. Ya sa kafinta ya yi masa durowar gilashi a falo, ya jera su sahu-sahu, yana bin su da buroshin haƙori yana kakkaɓe ƙura. 'Ya'yan cikinsa ma ba su isa su taɓa ba. Matarsa Hidaya ta yi mita har ta gaji ta bari. Ni kuwa da nake yayarsa ban taɓa ɓoye masa ba: ƙato da kai, wallahi abin kunya ne.

Ana cikin haka ciwon sugan Innarmu ya fito mata da miki a ƙafa. Likita ya ce kullum sai an kawo ta an wanke, in aka yi sakaci ƙafar za a yanke. Jele daga Darki, inda take zaune, kullum ba zai yiwu ga tsohuwa ba. Gidana kuwa gidan suruki ne, ko ruwa Inna ba ta sha a can balle ta kwana. Saura gidan Auta.

Muka ɗauko ta. Hidaya ta share ɗaki ta turara shi. Inna ta dogara sanda ta shiga falo da bismilla, sai idonta ya sauka a kan durowar. Ta jima tana kallo.

"Auta, su wane ne waɗannan?"

"Kayan ado ne, Inna."

"Ado da ido da baki?"

Ta juya tana jan ƙafa ta koma zaure, ta zauna a ƙasa, ta ce a mai da ita Darki. Mala'ikun rahama, in ji ta, ba sa shiga gidan da aka ajiye mutum-mutumi, ita kuwa ba za ta kwana inda ba sa shiga ba.

Auta ya durƙusa gabanta. "Yanzu zan kwashe su, Inna. Zan kai shagon wani abokina."

"Ranar da ƙasa ta rufe mini ido ka kwaso abinka ka dawo da su. Ni na haife ka fa. Kana tsammanin don kaina nake yi? Ni saura me? Kai ne da jikokina kuke kwana a nan, mala'iku na tsaye a waje."

Nan raina ya tashi. Na ce, "Kai Auta, ƙafar Inna ko roba? Zaɓi ɗaya, rana na yi!"

Auta ya miƙe. Ya fita ya tare Malam Isyaku, limamin unguwarsu, yana dawowa daga la'asar. Malam ya gaida Inna, ya yi mata sannu da jiki, aka karanta masa zancen. Ya ce shi dai abin da ya karanta, in aka cire kai to sura ta gushe, saura itace ne ko roba. Na wasan yara kuma an yi rangwame a kai. Ya yi addu'a ya sa takalminsa ya tafi, ya bar mu da abinmu.

Auta ya shiga ciki. Can sai ga shi da kwando cike da mutanensa, da wuƙar yankan albasar Hidaya. Ya zauna a gaban Inna ya tanƙwashe ƙafa ya fara. Wasu da an ja kan sai ya fita, ɓul. Inna ta ce abin da ake cirewa ai ana mayarwa, a zuba kawunan a leda a ba waccan ta jefa a kogi in ta zo gadar Wudil. Ni ce waccan. Da yake ni ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kama sunana ba.

Na yi shekaru ina fatan ganin wannan rana, amma da ta zo ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Kowane ya ɗauko sai ya miƙe masa hannuwa, ya goge shi da bakin riga, sannan ya sa wuƙa. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, na koma kallon ledar da ke hannuna.

Na ƙarshe a gindin kwandon wani ɗan soja ne kore, ya koɗe, hannu ɗaya ya narke kamar an ɗora shi kan murhu. Auta ya ɗora masa wuƙa a wuya.

"Tsaya," in ji Inna. "Miƙo shi nan."

Ta kai shi kusa da ido ta jujjuya. "Ba wannan ne na sayo maka a kasuwa ba, kana kwance da ƙyanda?"

"Shi ne, Inna. Daga shi na fara."

"Me Malam ya ce a kan na yara?"

Hidaya ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Ya ce an yi rangwame."

"To ajiye wuƙar nan. Muddin ina numfashi kai yaro ne. Wannan na yaro ne." Ta miƙa masa sojan, ta miƙo mini hannu na tashe ta. Ta shiga gidan da ƙafar dama, mai mikin.

Kullum da safe Auta ke kai ta wankin ƙafa kafin ya wuce makaranta. Mikin ya rufe, ba a yanke komai ba. Marasa kan ya mai da su durowa ya jera kamar da, sojan a tsakiyarsu. Inna kan zauna a falo ta kalle su ta ce, a duk taron nan mutum ɗaya ne mai hankali. Ta ga damina a gidan, ta ga kaka. Sai wata Laraba da hantsi ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, kafin a samo mota ta cika, a ɗakin da Hidaya ta turara mata.

Bayan sadakar uku na koma kwashe tukwanen da na kawo. Na tarar da Auta a falo shi kaɗai, durowar a buɗe, wuƙar albasa a gefensa. Sojan na tsaye a wurinsa, babu kai.

"Haba Auta! Ai Inna ta bar maka wannan."

"Yaya, cewa ta yi muddin tana numfashi."

Ya buɗe tafin hannunsa ya miƙo mini ɗan kan, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. "In kin zo gada," in ji shi.

Na karɓa na ƙulle a haɓar zanina. Tun daga ranar ban san sau nawa na bi ta gadar nan ba, kuma har yau ban kwance ƙullin ba.