Kifin Rafin Bayan Karshi

Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Malam Abdulmajeed a gidan 'yarsa Hansatu a Garki, ba shi da zance sai na wani rafi da ke bayan Karshi. Lokacin da yake aikin gwamnati, duk Asabar shi da abokinsa Zacharias sukan hau babur daga Nyanya su wuni a can suna fatsa. Zacharias ya daɗe da rasuwa.

"Ki kai ni in ga wurin nan," yakan ce mata. "Ko ban kama komai ba."

Hansatu ta yi ta kawo uzuri. Aikinta gwajin ruwa ne a wani ɗakin bincike, kuma ta san halin da rafin yake ciki. Wani sabon rukunin gidaje da aka gina ta samansa yana tsabtace ruwan shansa da kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya don ya daɗe yana kashe ƙwayoyin cuta a cikin bututu. Duk sanda suka wanke tankuna, ko suka zubar da ruwan wurin iyo, a rafin yake ƙarewa.

Wata Asabar dai ta gaji da ƙarya, ta sa shi a mota. Ya tsayar da ita a hanya ya sa aka tono masa tana, yana ta ba ta labarin wata tarwaɗa da ta taɓa jan Zacharias har cikin ruwa da takalminsa.

Ruwan garau yake, ana ganin yashin ƙasa. Malam ya zauna a kan dutse ya jefa ƙugiya. Rana ta ɗaga, igiyar ba ta motsa ba.

"Da can ruwan nan ba haka yake ba," ya ce. "Da ɗan duhu-duhu. In ka sa ƙafa, ƙananan karfasa su taru suna yi maka cakulkuli. Ko kwaɗo ban ji ba tun da muka zo."

Ta zauna kusa da shi ta gaya masa gaskiya.

"Maganin da muke sha a ruwan famfo?" ya tambaya. "Mu bai kashe mu ba."

"Mu sha muke yi, Baba, kuma kaɗan ne. Su da ruwan suke numfashi, sai ya ƙona musu wurin numfashin ya shiga jininsu. Kuma shi ba ya saurin gushewa kamar kulorin zalla."

Ya sake duban ruwan. Sannan ya janyo igiyar, ya cire tanar, ya ajiye ta a ƙasa mai laima.

"Gara da Zacharias bai gani ba," ya ce. "Tashe ni mu tafi."

A satin Hansatu ta je wajen manajan rukunin gidajen. Bai yi musu ba, ya ce shi ya ɗauka ruwa mai tsabta suke zubarwa. Ta nuna masa hodar da ake zubawa ta kashe ƙarfin maganin kafin a saki ruwan. Ya ce sai ya yi magana da ogansa. Ta yi ta zarya har aka fara sayo hodar.

Sai ƙarshen damina ta ga wasu 'yan kifaye kamar tsinke suna wulgawa a gefen ciyawa. A lokacin Malam ba ya iya sauka daga gado. Ta ɗauko masa bidiyonsu a waya, ta riƙe masa a gaban ido.

Ya kalla, ya ce ta maimaita.

"Ƙanana ne," ya ce.

"Za su girma, Baba."

"In Allah ya so. Ƙara min sautin, ina so in ji ruwan."