Ƙullin Irin Ija

Ranar da muka sauko da mahaifiyata daga tudu, kayanta duka ba su cika bayan mota ba: akwatin ƙarfe ɗaya, bargo biyu, dutsen niƙan da ta ce in babu shi babu tafiya, sai wani ɗan ƙulli a bakin mayafinta da ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ija muke ce mata, kamar yadda kowa a yankinmu na Kumaon yake kiran uwarsa. Tana da shekara saba'in da takwas, ta faɗi a matakalar gona ta tsage ƙugu, kuma a ƙauyenmu na bayan Bageshwar mutum biyar suka rage, ƙaraminsu ya ba sittin baya. Sai na kawo ta gidana a birnin Ghaziabad, hawa na tara, inda ake hango sama ta tsakanin tankunan ruwa.

Ni malamin tarihi ne a wata kwaleji. Digirina na uku a kan noman tudu na yi shi, shafi ɗari huɗu da 'yan kai, kuma har na gama ban taɓa riƙe fartanya da niyyar aiki ba. Mutum uku suka karanta littafin, biyu daga cikinsu aikinsu ke nan.

Sati biyu da zuwanta, matata Nirmala ta sayo 'ya'yan bhang a shagon wani ɗan tudu, ta soya, ta niƙa da gishiri da barkono da lemun tsami, ta ajiye mata catni a gefen shinkafa. Ija ta lakato da yatsa ɗaya ta ɗanɗana.

"Bwari," ta ce, don haka take kiran matar ɗanta, "ƙasar wace unguwa kika niƙa mini?"

"Bhang ne fa, Ija. Daga tudu aka kawo shi."

"To a hanya ya rasu."

Da yamma ta kira ni, ta kwance ƙullin a kan cinyarta. 'Ya'yan bhang ne guda goma sha huɗu, manya, masu zane-zane kamar ƙwan tsuntsu. Ba na dajin nan ba ne da ke tsirowa a kowace kwata, mai 'ya'ya ƙanana masu ɗaci. Na gona ne, irin surukarta, wadda ita ma daga tata surukar ta gada. Shekara uku da suka wuce wasu ma'aikata suka hau ƙauyen, suka sare na daji da na gona, suka cinna wuta, suka ɗauki hoto a gaban hayaƙin. Abin da ta ɓoye a gwangwani ɓeraye suka taya ta ci. Wannan ne ya rage.

"Tilu," ta ce. Sunana Trilochan, ɗalibai na ce mini Farfesa, amma a wurinta ban wuce Tilu ba. "Ina so in ci catnin irin nan ranar bikin Uttarayani. Sau ɗaya. Abin da ya rage ka ajiye wa 'yarka."

Nirmala ta leƙo daga kicin. "Ija, a nan wiwi ake kiransa. Ɗaure mutum ake yi a kansa."

"Wa ya ce miki sha zan yi? Na yi miki kama da masu toka a jikin nan na ƙofar haikali? 'Ya'yan ba sa bugarwa, ke ma kin sani, da su aka yaye ki."

"Sai ki yi wa ɗan sanda wannan bayanin."

"In ɗan tudu ne ba sai na yi ba."

Shuka a baranda ba ta yiwu ba, saboda Saksena sahab, shugaban kwamitin gininmu, wanda ya yi ritaya daga aiki amma bai yi ritaya daga leƙe ba. Sai na kwashe tarkacen ɗakin ajiyar da ke bayan kicin, ɗakin da ba shi da taga, na sayo tukwane da ƙasa da wata fitila mai hasken shunayya. A shekara hamsin da ɗaya na samu abin da ban taɓa samu ba, wato abin da nake ɗokin dawowa gida in gani. Na sayi ma'aunin zafi. Na buɗe littafin rubuta tsawon kowane ganye. Na shiga wani zaure a intanet, na samari 'yan ƙasashen sanyi da ke noman abin a cikin kabad ɗin tufafi, na sa wa kaina suna Ɗan Tudu. Da suka ji daga inda irin ya fito, suka ɗauke ni wani tsohon gwani. Ban gyara musu ba. Ban kuma taɓa gaya musu cewa catnin tsohuwa nake nema ba, don na ga kamar abin zai rage mini daraja.

Ija ta ba ni bakwai, ta ƙulle bakwai. Ta ce a gidansu ba a taɓa shuka iri duka ba. Bakwan farko na kashe su cikin kwana goma sha biyu, da ruwa safe da yamma.

Ta cusa yatsa cikin tukunya, ta zaro shi da taɓo. "Shinkafa ka ɗauke su?"

"Yanzu na gane kuskuren, Ija. Ki ba ni sauran."

"Ka gane."

"Na karanta sosai."

"Wannan kam ban taɓa shakka ba."

Kwana biyu tana juya maganar. Uttarayani tsakiyar Janairu ce, lokaci na tafiya, ita kuma ba ta da wata gona sai wannan ɗakin. A rana ta uku ta miƙo mini mayafin da kansa, ta juya fuska tana kallon bango har na gama kwancewa.

Shida suka tsiro. Ija ta sa aka kai mata kujera ɗakin, ta riƙa wuni a can cikin hasken shunayya, tana tsintar shinkafa tana yi musu faɗa in sun langaɓe. Ba ta ƙara tambayar yaushe za mu koma gida ba. Da warinsu ya fara fita, Nirmala ta shiga ƙona turare safe da yamma, har Saksena sahab ya tare ni a lif ya ce ya ji daɗi ƙwarai da ganin mai ilimi irina ya koma ga addini.

A watan Nuwamba hayaƙin gari ya sauka kamar yadda ya saba, ya kama ƙirjin Ija. Kwana goma sha shida ta yi a asibiti da abin shaƙar iska a fuska. A cikin kwanakin nan ne shukokin suka nuna jinsinsu: uku mata, uku maza, mazan da 'yan ƙulle-ƙulle a rataye waɗanda ba su buɗe ba tukuna. Na ɗauki hoto na tura zaure. Kafin shayina ya huce mutum ashirin sun amsa, kuma bakinsu ɗaya: maza ne, a tuge su yanzu, kafin su ɓata matan.

Da maganarsu kaɗai ce, wataƙila da na tsaya na yi tunani. Amma na tuna ina yaro, matan ƙauyenmu suna tuge mazan su bar matan a tsaye, su ɗauki damin a ka zuwa rafi don a jiƙa a yi igiya. Na sauko da littafina na duba, ga shi a shafi na ɗari biyu da goma sha biyu, da alƙalamina: ana cire mazan tun da wuri. Shaida biyu ke nan waɗanda ba su san juna ba, kuma a sana'armu wannan ya isa a kafa hujja. Na tuge su, na karya, na cusa bayan injin wanki.

Na san yadda iri yake samuwa. Kowane ɗan aji biyar ya sani. Su samarin zauren iri abin kunya ne a wurinsu, hayaƙi suke nema, kuma sun ba ni shawara daidai da abin da na bari suka zata. Abin da ya faru shi ne, a cikin watannin nan shukokin sun zama nawa, na manta wa nake yi wa.

A asibiti Ija ta ɗaga abin fuskarta ta ce, "Yaran fa?"

"Suna nan lafiya," na ce, kuma har zuciyata haka na yarda.

Ranar da aka sallamo ta ko takalmi ba ta cire ba, ta tura ƙarfen da take dogarawa har ɗakin ajiya. Matan uku sun yi ƙiba, sun cika da fure, warinsu ya fi ƙarfin turaren Nirmala. Na tsaya a bayanta ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallon tukwane ukun da babu komai a cikinsu.

"Ina mazan?"

"Na tuge su, Ija. Kamar yadda kuke yi a gida."

"Sun zubar da gari?"

"Wane gari?"

"Garin nan rawaya. Wanda in ka girgiza su yake tashi ya shiga hanci."

Nirmala ta zo ta tsaya a ƙofa da ludayi a hannu.

"Mu sai sun gama," Ija ta ce a hankali. "Sai sun zubar, sun fara bushewa a tsaye, sannan mu tuge."

"A littafi an ce tun da wuri."

"Wa ya rubuta littafin?"

Nirmala ta koma kicin.

Ija ta lallaɓa ta zauna a kujerarta. Na zaci kuka za ta yi, ko ta zage ni, kuma da na fi son zagin. Sai ta ce, "Mazan tudu duk haka suke, Tilu, ba sa zama. Amma ko ubanka sai da ya bar ni da cikinka sannan ya tafi."

Duk da haka ba ta fid da rai ba. Kullum da safe sai ta bi furannin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana matsawa, ko wani namiji ya zubar da gari kafin in tuge. Yatsunta su yi baƙi da danƙo, ta goge a mayafi, gobe ta sake. Ni kuma na ɗauki hutun kwana huɗu na hau tudu, na bi tsofaffin nan biyar gida-gida ina neman iri. Ɗaya bai gane ni ba. Biyu suka ce nasu ya ƙone tare da na kowa. Wata ta ba ni cikin tafin hannu na irin daji, ta ce in gaishe da Ija. Na ƙarshen ya ce ai irin gidanmu ne mai kyan, in tambayi uwata.

Da na dawo na tarar an yi ta yabon hoton da na tura zaure kafin in tafi. Wani yaro ya rubuta cewa bai taɓa ganin fure mai tsabta haka ba, ko ƙwayar iri ɗaya babu, lallai aikin gwani daban yake.

Ija ba ta tambaye ni abin da na samo ba. Ta ce, "Ina ka zubar da mazan?"

Na zaro su daga bayan injin wanki, sun bushe, ƙura ta rufe su. Ta sa na jiƙa su a bokitin wanka. Bayan kwana shida ta ɓare bawon, ta tsefe, ta zauna a ƙasa duk da ƙugunta, ta naɗe zani zuwa gwiwa, ta riƙa murzawa a cinya da tafin hannu. Ƙananan shuke-shuke ne, ba su da wani zare. Abin da ya fito bai wuce kamu ɗaya ba, siririyar igiya mai launin toka.

"Ba a zubar da su," ta ce. "Ko wannan ma babu a littafin?"

Ranar Uttarayani Nirmala ta soya 'yan curin fulawa da zaƙi, muka ajiye wa hankaki a baranda kamar yadda ake yi. Hankaka ɗaya ya zo, ya duba, ya tafi. Catnin na shago ne. Ija ta ci loma biyu.

"Ya yi daɗi, bwari."

Nirmala ta tashi ta shiga kicin, ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba.

Ija ta rasu a ƙarshen Fabrairu, da hantsi, a kujerarta. Matan uku na sare su, na nannaɗe a tsofaffin takardun jarrabawa, na riƙa zubarwa kaɗan-kaɗan a kwandon shara na kwaleji har sati guda. Saksena sahab ya zo ta'aziyya, ya shaƙi iskar falo, ya ce ya lura mun daina turare, kuma bai kamata rashi ya raba mutum da ibada ba.

Na yanke bakin mayafin inda ƙullin yake, na ɗaure shi da igiyar, na aika wa 'yata Ira a Pune. Bayan kwana biyar ta kira ni tana cikin mota, ina jin ƙarar hanya.

"Baba, saƙo ya iso. Tsumma ne da igiya. Na kwance, babu komai a ciki. Ko wani abu ya faɗi a hanya?"

"Babu abin da ya faɗi."

"To igiyar mece ce?"

Na gyara murya, na fara yi mata bayanin yadda ake noman bhang a tudu, da yadda ake bambanta maza da mata, da lokacin da ake tugewa. Na yi bayanin da kyau, daki-daki, babu kuskure ko ɗaya. Ta saurara har na kai rabi, sannan ta ce sun iso inda za ta sauka, za ta kira ni ranar Lahadi.