Lambobi Arba'in da Uku na Kawu

Ni na kawo dokar, kuma da zafina na kawo ta. Mu ɗari biyu da ɗoriya ne a ƙungiyar, kowa ya ba da aron kwamfutarsa kyauta, muna farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ni ke rabon aiki. Ina tura wa kowa lamba mai tsawon da za ta cika littattafai, na'urarsa ta yi makonni tana tauna ta, sannan ta dawo mana da amsa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne sakaci. Amsa ɗaya in ta zo da kuskure, za mu iya tsallake lambar da muke nema ba mu sani ba, amma mutane sai su ce a yi haƙuri, ai taimako ne. Na ce taimakon da ba a tantance ba ɓarna ne. Duk na'urar da aka sake aikinta a wata na'urar aka ga saɓani, a cire ta, a maimaita duk abin da ta taɓa yi. Har na ƙara da cewa ba sani ba sabo.

Ta uku da dokar ta kama, ta Kawuna ce.

Kawu malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Shi ya koya min rabawa da ƙwayoyin wake tun ban shiga aji ɗaya ba. Shekara huɗu tsohuwar kwamfutarsa tana aiki, ta gama lambobi arba'in da uku. Muka sake tara daga ciki, shida suka saɓa.

Na je gidan da hantsi. Matarsa, wadda muke kira Goggo, tana shanya a tsakar gida.

"'Yar boko, yau wa za a gyara?" in ji ta.

Na yi yaƙe na wuce.

Kawu yana ɗakin karatunsa, ƙafafunsa masu ciwon sanyi a kan ƙaramar kujera. A bango ya manna takarda, ya jera lambobin da jan biro, kowace da ranar da ta ƙare. Na gaishe shi, na faɗa masa sakamakon a tsaye, da sauri.

Ya cire tabarau ya goge. "Shida cikin tara?"

"Shida, Kawu."

"To ai ko ɗalibina ne ya faɗi." Ya daɗe yana kallon takardar. "Duka za a sake?"

"Duka."

Na durƙusa ƙarƙashin tebur in ga ko zan gano dalili. Akwatin kwamfutar yana lulluɓe da wani zani mai kauri, an ninka shi biyu, an soke gefensa da kyau kamar shimfiɗar jariri. Na janye shi, ya faɗi ƙasa. Ƙarfen ya kusa ƙona min hannu. Duk kafofin iskar a toshe suke.

"Wa ya yi wannan aikin?" Na miƙe har na buge kai da tebur. "Kawu, zafi ne ke rikita mata lissafi! Shekara nawa ana..."

"Rage murya."

"Ai dole a faɗa wa Goggo!"

"Zauna, uwata." Haka yake kirana in yana so in ji. Na zauna. "Kullum da safe sai ta goge ta, ta rufe don ƙura. Ba ta san me ake nema ba. Ta dai ga tun da na bar aji, wannan ce ke tashe ni da wuri. Shekara huɗu ina kallon zanin nan, ni mai ilimin ban ce komai ba. In laifi kike nema, ga ni."

"To me zan rubuta wa ƙungiya?"

"Gaskiya mana. Na'ura ta yi zafi, mai ita bai kula ba. Ki cire ni kamar kowa. In kika ɗaga min ƙafa, gobe wa zai saurare ki?"

Na fito da waya na rubuta a gabansa. Yatsana ya tsaya a kan sunansa, har sai da ya ce, "Danna mana, ko in danna miki?" Na danna.

"In an gyara ta, ta ci gwaji, akwai hanyar dawowa?"

"Akwai. Amma daga farko za ka fara."

"Ina da abin yi ke nan."

Goggo ta shigo da ruwa a kofi. Ta hangi zanin a ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Wa ya tsiraita min ita?"

Ta sunkuya za ta ɗauka. Na buɗe baki, Kawu ya riga ni.

"Likitar kwamfuta ta ce a bar ta ta sha iska. Ni kuwa ƙafafun nan tun safe suke min tsami. Kawo nan."

"Da can ba ka da bakin faɗa?" Ta kaɗe zanin, ta ninka biyu, ta lulluɓa masa daga gwiwa zuwa idon sawu, tana soke gefen. "Ke kuma sha ruwan, kin tsaya kina kallon mutane ido jajur."

Na sha.